Daga Bakin Bulama Zuwa Teburin Ma'aji: Yadda Buƙata Ke Tafiya a Sakatariyar Jakusko

Da hantsin Litinin ba a rasa tawaga a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma. A ce dattawa shida ne, sun sha manyan riguna, sun yi sammako daga wani ƙauye na gefen fadama, wasu a kan babur, wasu a bayan a-kori-kura. Kwalbatin da ke haɗa su da babbar hanya ruwa ya tafi da shi tun daminar bara, yanzu ko amalanke ba ta iya haurawa da buhun shinkafa. Sun zo ganin Ciyaman. In sun taki sa'a yana gari, a shigar da su, a gaisa, babbansu ya cire takalmi ya yi bayani tiryan-tiryan. Ciyaman ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Baba, mun ji. In Allah ya yarda za a duba." Su yi godiya, a ba su na mai, su koma gida suna cewa tafiya ta yi kyau.

Ciyaman bai yi musu ƙarya ba. Sai dai a lissafin sakatariya waɗannan bayin Allah ko zuwa ba su yi ba. Ba su bar takarda ba, ba a buɗe fayil ba, babu magatakardan da ya rubuta sunan ƙauyensu a wani littafi. Sakatariya ido gare ta, ba ta da kunne. Kafin la'asar wasu tawagogi huɗu sun shiga ofishin nan, kowacce da nata kukan, kuma Ciyaman mutum ne mai kai ɗaya.

Jakusko kuwa ba ƙaramar ƙasa ba ce. Tana cikin ƙananan hukumomi 17 na jihar Yobe, wadda aka cire daga Borno a ranar 27 ga Agustan 1991, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 4,000, kuma tun a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 200,000. Mazaɓu goma ne, cikinsu har da Dumbari, Muguram, Jaba, Buduwa da Gogaram, inda ake bikin kamun kifin nan da ya yi suna, tsohuwar fadar sarakunan Bade kafin a koma Gashuwa. Badawa ne da Fulani da Barebari da Hausawa, manoma da makiyaya da masunta, kowa da abin da yake jira daga hukuma: wannan tuƙa-tuƙa, wancan rumfar kasuwa, wani kuma a sake shata burtali. Duk waɗannan buƙatu ta ƙofa ɗaya suke shiga, kuma hanyar da suke bi a ciki tana da tsari, wanda ya san shi ba ya yawan asarar kuɗin mota.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai an fara tambaya: aikin nan na wa ne? Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawalinsa na huɗu, kuma jerin ya fi yadda ake zato gajarta. Akwai kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da ban-ɗakunan jama'a, akwai ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kwasar shara, akwai lasisin keke da kura da baro da amalanke da kwalekwale, da sa wa tituna suna. Sai fannoni uku da take sa hannu a cikinsu tare da jiha: ilimin firamare, kiwon lafiya, da noma. Kwalbatin dattawan nan yana kan hanyar ƙauye, don haka ƙofar da suka ƙwanƙwasa daidai ce. Da a kan kwaltar da ta taso daga Potiskum ta ratsa Jakusko zuwa Gashuwa ya karye, da abin da Ciyaman zai iya bai wuce ya rubuta wasiƙa zuwa sama ba.

Abubuwa da dama da mutane ke kaiwa sakatariya haka suke. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ta fi ƙarfin aljihun kowace ƙaramar hukuma, kuma asalin matsalar yana da nasaba da yadda madatsun Tiga da Challawa, can cikin jihar Kano, suka sauya tafiyar ruwan. Wannan magana ce ta jiha da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙarin malami a firamare yana bi ta ofishin sakataren ilimi zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi tana hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Kayan agaji bayan ambaliya, irin wadda ta yi ɓarna a 2022, daga hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, suke fitowa, ko da yake jerin sunayen waɗanda abin ya shafa a ƙasa ake haɗa shi. Har takardar haihuwa, da tsarin mulki ya ambata cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a aikace ma'aikatan hukumar ƙidaya ta ƙasa ne ke ba da ita. A irin waɗannan sakatariya gada ce kawai. Ana bi ta kanta, amma ba a nan za a kwana ba.

To, takardar. Ana rubuta ta zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da muƙaminsa, ba da sunansa na yanka ba, domin mutum yana sauka, kujera tana nan. Buƙata ɗaya tak a takarda ɗaya. Ƙauyen da ya haɗa kwalbati da rijiya da aji biyu da taki a shafi guda ya jawo wa kansa, don waɗannan sassa huɗu ne daban, takarda kuwa ba ta rabuwa huɗu. Za ta zauna a teburin wanda ya fara karɓa. A faɗi sunan wurin da mazaɓa, da ƙauyukan da ke bin hanyar, da watannin da take yankewa, da abin da ke faruwa idan mace ta fara naƙuda da dare a watan Agusta. A faɗi abin da jama'a za su iya kawowa, ko yashi ne ko dutse ko aikin gayya. Wannan layin yana da nauyi ƙwarai, domin yana rage ƙiyasi, kuma ƙaramin ƙiyasi ya fi saurin samun sa hannu. Kirari da zuga a bar su sai ranar buɗe aiki.

Harshen fayil Turanci ne, don haka ya fi kyau a sami malamin makaranta ya rubuta, amma a karanta wa masu dangwala yatsa da harshen da suke ji kafin su dangwala. Bulama ya sa hannu, Lawan ya sa, a bi ta wurin Hakimi, a ba kansilan mazaɓa kwafinsa a hannu. Sannan a kai ta ofishin rajista, nan ne ainihin ƙofar sakatariya, ko da kuwa shi ne ofishin da ya fi kowanne ƙura. Kwafi biyu ake miƙawa. Magatakarda ya buga hatimin karɓa a kan duka biyun, ya sa kwanan wata, ya riƙe ɗaya, ya mayar da ɗaya. Wanda ya fito ba da wannan kwafi mai hatimi ba, gara ya koma ciki. Bayan mako guda a dawo a nemi lambar fayil, a rubuta ta a bayan kwafin. Daga ranar nan an daina tambayar "ina maganarmu ta kwana?", sai dai "fayil mai lamba kaza yana teburin wa?" Tambaya ta farko amsarta haƙuri, ta biyu amsarta sunan ofis.

Cikin fayil magana a rubuce ake yin ta, kowa ya ɗan rubuta layi biyu ya tura wa na gaba, abin da ma'aikata ke kira minit. Ciyaman ya rubuta a duba, fayil ya gangaro zuwa shugaban sashen ayyuka, shi kuma ya tura ma'aikacinsa ya je ya auna ya kawo ƙiyasi. Ranar awon nan ita ce ranar da ƙauye ya fi iya tasiri a kan aikin, kuma ita aka fi sakaci da ita. Injiniya yakan zo da rani, lokacin da mota ke iya shiga. Abin da zai gani busasshen kwari ne, awaki na kiwo a ciki, sai ya rubuta ƙananan zobban siminti biyu ya wuce. Dole a sami tsohon da ya san wurin ya tsaya masa, ya ja shi zuwa gindin tsamiyar da ke bakin kwarin, ya ɗora hannu a kan tabon da ruwa ya bari daidai ƙirjin mutum, ya ce, "Yallaɓai, nan yake kaiwa." A nuna masa ta inda ruwan ke karyowa da inda yake cin gaɓa. In wani ya ɗauki hoto da waya a tsakiyar damina, wannan ya fi dogon bayani. Kwalbatoci nawa ne a ƙasar nan damina ɗaya ta kwashe, don an auna su a watan Maris?

Yana da kyau mai bin fayil ya san mutanen gidan kashi biyu ne. Akwai 'yan siyasa: Ciyaman da mataimakinsa, da sakatare, da kansiloli masu gafaka da ke kula da sassa, da zaɓaɓɓun kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa. Akwai kuma ma'aikata na dindindin: daraktan ma'aikata, wanda kowa ke kira DPM, da ma'aji, da shugabannin sassan ayyuka, noma, lafiya da sauransu. Daga matakin albashi na 07 zuwa sama ba Ciyaman ke ɗaukar su ko korar su ba, suna ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke Damaturu. Ma'ajin da ke Jakusko bana, baɗi yana iya tsintar kansa a Machina ko Gulani. 'Yan siyasa ke cewa a yi, ma'aikata ke cewa ga yadda doka ta yarda a yi, kuma mai neman aiki yana buƙatar duka biyun. Kuskure ne a yi ta zarya gidan Honorabul a manta da shugaban sashen da zai rubuta takardar da kwamiti zai karanta.

Wannan rabo yana da tarihi. A zamanin En'e sarki ne da majalisarsa ke riƙe da Baitulmali da 'yan doka da gidan yari da alƙalai. Gyaran 1976, lokacin Janar Obasanjo, shi ya kawo tsari iri ɗaya a duk ƙasa, ya mayar da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, sarakuna suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. A 1991 gwamnatin Babangida ta raba ɓangaren zartarwa da majalisar kansiloli. Yau akwai ƙananan hukumomi 774. Amma kalmar ma'aji ta tsallake duk waɗannan sauye-sauye, haka ma al'adar bi ta wurin Bulama da Lawan da Hakimi, shi ya sa takardar da ta zo ba da sa hannunsu ba ake kallon ta kamar baƙon da bai yi sallama ba.

Yanzu ƙiyasi ya fito, an kuma zo inda yawancin buƙatu ke mutuwa: kasafin kuɗi. Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba, kuma ƙa'ida ita ce ba a kashe kwabo sai yana da layinsa a kasafi. Shirin kasafin baɗi yana farawa tun a watannin ƙarshe na bana. Sassa su kawo abin da suke so, a tace, kansiloli su duba, a kai Damaturu wurin ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu a kare shi. Sai a dubi yadda kalandar manomi ta saɓa da wannan. Kwalbati yana karyewa a Agusta. Satumba ana fama da ruwa da jan-baki a gonar shinkafa. Oktoba da Nuwamba girbin gero da riɗi da wake, ba mai ɗaga kai. Sai an kai amfani gida, an huta, an yi bukukuwan kaka, sannan a tuna da hanya, a haɗa tawaga a Janairu ko Fabrairu. Lokacin kuwa an riga an rufe littafi. In aka ce musu "babu shi a kasafin bana", sai su ɗauka korar su ake yi da dabara, alhali sau da yawa gaskiyar ke nan.

Maganin abin ba tsada. Takarda ta shiga tun ruwa bai janye ba, Satumba ko farkon Oktoba, ko da mutum ɗaya ne zai bar gona yini guda ya kai ta. Kansila kuma a tambaye shi abu ɗaya: a wane layi aka sa aikin, nawa aka ware? Akwai ƙarin kasafi na tsakiyar shekara, akwai ɗan abin da ake ajiyewa don gaggawa, amma waɗannan ƙananan ƙofofi ne, masu jira a bakinsu kuma suna da yawa.

Shiga kasafi ma ba shi ne samun kuɗi ba, don kasafi alkawari ne a kan kuɗin da bai zo ba tukuna. Kusan duk abin da ƙaramar hukuma irin Jakusko ke kashewa daga Abuja yake fitowa. Kowane wata kwamitin FAAC yana zama ya raba abin da ya shiga asusun tarayya: kashi 52.68 cikin ɗari na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi, waɗanda kuma ke da kashi 35 na harajin VAT. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi ba ya zuwa musu kai tsaye, sai ya sauka a asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada. A can ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin horar da ma'aikata, da na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya saura ya iso sakatariya, albashi ya ci rabonsa, sauran shi ake kira kuɗin aiki. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma mulkin kantoma ba ya cikin tsarin mulki. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. An yi murna, aiwatarwa kuwa ta yi ta jan ƙafa. Abin da ya shafi mai bin fayil shi ne wannan: adadin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma kowane wata ba sirri ba ne, ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa shi, duk ɗalibin da ke da waya a Gashuwa ko Nguru zai iya nemo layin Jakusko. Sai dai a tuna adadin nan na kafin a yi cire-cire ne. Wanda ya ɗauke shi ya tafi yana zargin an cinye duka ya yi gaggawa, wanda kuma aka ce masa "ko sisi bai zo ba" yana da abin da zai nuna.

Kuɗin shiga na cikin gida ba shi da yawa, amma shi ne wanda talaka ke gani da idonsa. Dokar 1998 ta jera abin da ƙaramar hukuma za ta iya karɓa: kuɗin rumfa da shago, na tasha, na mahauta, na kwalekwale da amalanke, na allon talla, har da harajin shanu. Jangali ke nan da sabon suna, wanda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna da suka hau mulki a 1979, aka yi ta kiɗa. Ƙa'idar mai biya ɗaya ce: rasit mai lamba da hatimi. Kuɗin da aka karɓa a bakin kara ba rasit, bai san hanyar Baitulmali ba.

Idan kuɗi ya samu, shawara tana komawa ga kwamitin kuɗi da al'amuran yau da kullum, wanda ma'aikata ke kira F&GPC. A nan ake yanke mafi yawan abin da ke faruwa a ƙaramar hukuma, kuma zaman ba shi da wani armashi. Ciyaman a kan tebur, mataimaki da sakatare da kansiloli masu gafaka a gefe, shugabannin sassa suna nan don ba da bayani. A karanta abin da aka tattauna a zaman baya, a gyara, a amince. Ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Sannan a bi takardun sassa ɗaya bayan ɗaya: gyaran motar ɗaukar marasa lafiya, maganin feshi, man janareta, rufin rumfunan kasuwa da iska ta yaye, tallafin wanda gobara ta cinye wa rumbu, sai kwalbatin dattawa. Kowace takarda ɗayan uku ne: an amince, an jingine, ko a sake dubawa. Ciyaman yana da iyakar abin da zai iya amincewa da shi shi kaɗai, abin da ya haura sai kwamiti, abin da ya haura na kwamiti sai an nemi yardar jiha. Don haka "sai an zauna" ba koyaushe ne kauce-kauce ba. Majalisar kansiloli kuma aikinta amincewa da kasafi, da yin dokokin cikin gida, da bin diddigi. Kansila yana iya kawo ƙudiri a kan kwalbati a amince da shi baki ɗaya, amma ƙudiri ba ya sayen siminti. Amfaninsa shi ne ya shiga rubutaccen tarihin zama, ya zama abin kafa hujja.

An amince, saura aiki. Ko dai a ba ɗan kwangila, ko sashen ayyuka ya yi da kansa da leburori. Nan ma ƙauye yana da rawar takawa, kuma ba ta buƙatar faɗa. A nemi sanin abin da takardar aiki ta ce: faɗi nawa, tsawo nawa, da fukafukan da za su tare gaɓa ko babu. A sa mutum biyu masu natsuwa su riƙa zama a wurin, suna kawo ruwan sha, suna ƙirga buhunan siminti a zuci. In an ga kwaɓi ya yi yashi da yawa, a gaya wa shugaban sashen ayyuka tun siminti bai bushe ba, kuma a rubuce. Dalili shi ne ba a biyan ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai da takardar shaidar kammalawa daga sashen, kuma akan riƙe wani kaso na wasu watanni don ko aiki zai nuna aibi. Koken da ya riga takardar shaidar nan isa yana da haƙora. Wanda ya zo bayanta labari ne.

Biyan kuɗin kansa yana da matakai da aka gada daga littafin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi. Sashe ya shirya bauca, a haɗa ta da amincewar kwamiti da takardar kwangila da shaidar kammalawa, a duba littafin kashe kuɗi a tabbatar layin bai ƙare ba, odita na cikin gida ya bincika, sannan ta isa wurin ma'aji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a tsarin da aka shimfiɗa tun zamanin Babangida, Ciyaman shi ke ɗaukar alhakin kuɗin, amma ba ya sa hannu a bauca ko caki. Wannan aikin ma'aji ne da babban jami'in gudanarwa. An yi haka ne don kada mai cewa a biya ya zama shi ne mai biya. A watan Yunin 2019 kuma hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta kafa ƙa'idar cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, sauran sai ta banki. A ƙarshen shekara Babban Odita na ƙananan hukumomi yana bin littattafan, ya kai rahoto majalisar dokokin jiha. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Ba duk abin da ke kai mutum sakatariya ne ke jiran kasafi ba. Takardar shaidar asali, wadda ake nema don shiga jami'a ko aikin soja ko ɗan sanda, daga ƙasa take farawa: Bulama ya shaida ya san gidan, Lawan da Hakimi su tabbatar, a biya kuɗi a karɓi rasit, a kawo hoto. A yi ta tun ba a buɗe ɗaukar aiki ba, don ranar da aka buɗe layin yakan kai bakin titi. Gona kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a ƙasar karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Yawancin gonakin gado ba su da wannan takarda, kuma ba a tuna ta sai ranar da wani ya zo da tasa.

Maganar burtali da mashaya ita ce mai zafi, domin a ƙasar da fadama ke ciyar da shinkafa da saniya da kifi lokaci guda, taku ɗaya na iya jawo jini. Irin wannan tana zuwa zaman tsaro, inda Ciyaman ke haɗuwa da DPO da sauran jami'an tsaro da hakimai, a kira arɗo da shugabannin manoma. Nan ma lokaci ne kan gaba. Shata burtali aikin bazara ne, kafin a yi shuka, lokacin da cire turke ba ya nufin cire abincin wani. Ranar sakin dabbobi cikin gonaki kuma a tsayar da ita kafin garken farko ya iso, a yi shela a kasuwa da masallatan Juma'a, a rubuta ta, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Yarjejeniyar da aka yi da baki a ƙarƙashin inuwa kowa yakan tuna ta yadda ta yi masa daɗi.

Sai sauyin gwamnati. Yobe ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yunin 2024, jam'iyyar APC ta lashe kujeru 17 duka, kuma kowane zaɓe yana kawo sababbin fuskoki a ofisoshin sama. Sabon Ciyaman bai ji bayanin da aka yi wa na da ba, sabon kansila bai san tsamiyar bakin kwari ba. Magatakardan rajista kuwa yana nan a kujerarsa, kabad ɗinsa na ƙarfe yana nan. Dattawan nan shida in sun dawo, babbansu ya zura hannu a aljihun 'yar ciki, ya fito da leda, ya warware, ya miƙa takarda mai hatimi da lamba a bayanta. Magatakarda ya gyara tabarau, ya duba littafinsa, ya ce, "Baba, fayil ɗinku yana sashen ayyuka tun watan Nuwamba, ƙiyasi na ciki. Ofis na uku a hannun dama."